Gaston Defferre: Magajin Garin Marseille da Dokokinsa Biyu

Tambaya: "Malam, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Maraɗi. Kowace shekara muna karanta dokar 1956 da ake kira loi-cadre ko dokar Defferre, amma littafinmu bai ce komai a kan mutumin da dokar take ɗauke da sunansa ba. Da na bincika sai na tarar wai magajin garin Marseille ne na fiye da shekara 30, kuma a lokaci guda ɗan majalisa ne, wani lokacin ma minista. Yaya mutum ɗaya zai riƙe waɗannan muƙamai a tare? Idan kuma ɗan gurguzu ne, me ya haɗa shi da ma'aikatar mulkin mallaka? Zan gaya wa ɗalibai cewa masoyin Afirka ne, ko kuwa shi ne ya raba mu?"

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, domin ta taɓo abin da littattafan makaranta suka saba tsallakewa. Idan na fahimce ka daidai, kana so ka san yadda tsarin siyasar Faransa ya bar mutum ya zama shugaban birni kuma jami'in gwamnatin tsakiya a lokaci ɗaya, sannan kana so ka san irin hukuncin da ya dace a yi wa wannan mutum a kan abin da ya shafe mu. A ganina amsar tambayoyin biyu tana wuri guda. Gaston Defferre magajin gari ne kafin komai, daga kujerar Marseille ya samu ƙarfin da ya shiga gwamnati da shi, kuma manyan dokoki biyu da suke ɗauke da sunansa, ta 1956 da ta 1982, duka tunanin magajin gari ne ya haife su, da alherinsu da illarsu.

Asalinsa da yadda ya kama birnin

An haife shi ran 14 ga Satumba 1910 a Marsillargues da ke kudancin Faransa, cikin gidan Kiristoci 'yan Furotesta, waɗanda tsiraru ne a ƙasar. Ya zauna a Dakar na wani lokaci a ƙuruciyarsa saboda aikin mahaifinsa, ya karanta shari'a, ya fara aikin lauya a Marseille, sannan ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu ta SFIO a 1933. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga gwagwarmayar ɓoye, har ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar da ake kira Brutus. A watan Agusta 1944, da aka 'yantar da Marseille, shi da mutanensa suka ƙwace ginin jaridar Le Petit Provençal suka mai da ita Le Provençal, aka kuma ɗora shi a kan shugabancin birnin. Wannan riƙo na farko bai daɗe ba, domin ya ƙare a 1945, daga baya kujerar ta koma hannun ɗan kwaminis Jean Cristofol, sannan hannun Michel Carlini na ɓangaren Janar de Gaulle, wanda daga baya ya zama shugaban Faransa. Sai a 1953 Defferre ya dawo, kuma bai sake sauka ba har ya mutu a 1986, wato shekara 33 a jere.

Yana da kyau a lura da hanyar da ya bi ya dawo, domin ita ce ta bayyana irin gurguzunsa. A wancan zamani jam'iyyar kwaminis tana da ƙarfi ƙwarai a Marseille, musamman tsakanin 'yan dakon tashar jiragen ruwa da ma'aikatan masana'antu. Defferre ya ƙi haɗa kai da su, ya ƙulla ƙawance da masu matsakaicin ra'ayi da wani sashe na 'yan ɓangaren dama, wato masu ra'ayin riƙau, da attajiran birnin, bisa sharaɗin cewa shi ne kaɗai zai iya tare 'yan kwaminis daga ƙofar fadar birni. Wannan ƙawance ya kai shi har shekarun 1970, kuma Jean-Claude Gaudin, wanda daga baya ya zama babban abokin hamayyarsa, a cikin wannan ƙawance ya fara zama kansila a 1965. Saboda haka idan ɗalibi ya tambaye ka ko ɗan gurguzu ne, amsar ita ce e, amma na irin waɗanda suka yarda da zaɓe da kasuwa da hidimar gwamnati ga talaka, kuma suke ganin 'yan kwaminis a matsayin abokan gaba, ba 'yan'uwa ba.

Yadda ake tara muƙamai

Tara muƙamai ba saɓa wa doka ba ne a Faransa ta wancan lokaci, al'ada ce da kusan duk manyan 'yan siyasa suke bi. Jacques Chaban-Delmas ya riƙe Bordeaux daga 1947 zuwa 1995 kuma ya yi firaminista yana magajin gari, Pierre Mauroy ma ya yi firaminista daga 1981 zuwa 1984 yana riƙe da Lille. Dalilin yana cikin tsarin ƙasar. Faransa ƙasa ce da aka tattara ikonta a Paris tun zamanin sarakuna, Napoleon kuma ya ƙara ɗaure shi da ya kafa muƙamin farfe, wato wakilin da gwamnatin tsakiya take naɗawa a kowace gunduma. Magajin gari zai iya tara kansilolinsa su amince da gina kasuwa ko karɓar bashi, amma takardar za ta tafi teburin farfe, kuma yana da ikon tare ta. Kuɗin manyan ayyuka kuwa a ma'aikatun Paris ake raba su. To magajin garin da ba shi da kujera a majalisar dokoki dole ya bi layi a ofishin farfe, amma wanda yake ɗan majalisa yana iya wuce farfen ya je ya ga minista kai tsaye. Su ma masu zaɓe sun gane haka, shi ya sa suke son magajin garinsu ya zama mai faɗa a ji a Paris.

Amfanin bai tsaya ga birnin ba, ya shafi ɗan siyasar kansa, kuma tarihin Defferre ya nuna haka ƙarara. A zaɓen 1958, lokacin da guguwar de Gaulle ta share 'yan majalisa da yawa na ɓangaren hagu, wato 'yan gurguzu da 'yan kwaminis, ya rasa kujerarsa ta majalisar dokoki, amma da yake birnin yana hannunsa sai ya shiga majalisar dattawa a 1959, ya kuma koma majalisar dokoki a 1962. A 1963 mujallar L'Express ta fara tallata wani ɗan takarar shugaban ƙasa da ta sakaya sunansa ta kira shi Monsieur X, daga baya ta bayyana cewa Defferre ne. Ya so ya haɗa 'yan gurguzu da masu matsakaicin ra'ayi a babbar ƙungiya ɗaya, wato ya maimaita dabarar Marseille a faɗin ƙasa, amma tattaunawar ta rushe a watan Yuni 1965, ya janye, François Mitterrand ya tsaya. A 1969 ya tsaya da kansa, tare da alkawarin naɗa tsohon firaminista Pierre Mendès France a wannan muƙami, ya samu kashi 5 cikin 100 kacal, alhali ɗan takarar kwaminis Jacques Duclos ya samu kashi 21. Irin wannan kaye yakan kashe ɗan siyasa, amma shi bayan shekara biyu ya sake lashe zaɓen Marseille. A wannan shekara ta 1971, a babban taron jam'iyya na Épinay, ƙuri'un reshensa na Bouches-du-Rhône da na reshen Mauroy na arewa suna cikin waɗanda suka ba Mitterrand shugabancin sabuwar jam'iyyar gurguzu. Mutumin da ƙasa ta ƙi, birninsa ya sa ya zama mai naɗa shugaba.

Akwai wani abu da ya faru a 1967 da yake nuna halinsa. Ana cikin muhawara a majalisa ya daka wa wani ɗan majalisa na ɓangaren de Gaulle, René Ribière, tsawa ya yi shiru, ya haɗa da zagi. Ribière ya nemi ya janye, ya ƙi, sai suka haɗu da takubba a harabar wani gida a Neuilly ran 21 ga Afrilu, Defferre ya yanke shi sau biyu a hannu kafin alƙalin ya tsayar da faɗan. Ana lissafa shi a matsayin faɗan takobi na kare mutunci na ƙarshe a Faransa, kuma mutumin yana da shekara 56 a lokacin.

Dokar 1956 da abin da ta yi mana

Yanzu ga abin da ya fi damun ɗalibanka. A watan Fabrairu 1956 Guy Mollet, shugaban SFIO, ya kafa gwamnati ya ba Defferre ma'aikatar ƙasashen Faransa na ƙetare. Ba abin mamaki ba ne a ba magajin garin Marseille wannan aiki, domin birnin shi ne ƙofar daular. Jiragen ruwan da suke zuwa Dakar da Abidjan daga can da yawansu suke tashi, gyaɗar Afirka ta Yamma kuma tana cikin abin da masana'antun mai da sabulu na birnin suke rayuwa a kai. Ita SFIO kuwa ba jam'iyyar neman 'yancin ƙasashen da aka mallaka ba ce, aƙidarta ita ce a gyara daular, a ba mutanenta haƙƙi a cikinta, kuma a ƙarƙashin gwamnatin Mollet ɗin nan ne yaƙin Aljeriya ya ƙara tsanani.

Dole a dubi lokacin. Faransa ta sha kaye a Dien Bien Phu da ke Vietnam a 1954, yaƙin Aljeriya ya ɓarke a watan Nuwamba na wannan shekara, an zubar da jini a Kamaru a 1955, Maroko da Tunisiya sun samu 'yanci a watan Maris 1956, ga kuma Gold Coast a maƙwabta tana dab da zama Ghana. Defferre ya ga cewa idan ba a saki wani abu da wuri ba, wata wutar za ta tashi a kudancin Sahara, kuma Faransa ba ta da ƙarfin kashe wuta biyu. Ya tsara dokar tare da Félix Houphouët-Boigny na Côte d'Ivoire, wanda minista ne a wannan gwamnati, aka sa mata hannu ran 23 ga Yuni 1956. Dokar ta ba kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a, ta kuma soke tsarin rajista biyu da yake ware Turawa da ƙuri'arsu daban a inda ake aiki da shi. Dokokin zartarwa da suka biyo baya a 1957 sun ƙara wa majalisar kowane yanki iko, suka kafa majalisar gwamnati wadda gwamna Bature yake shugabanta, jagoran masu rinjaye kuma ya zama mataimakinsa. A Nijar, bayan zaɓen 31 ga Maris 1957, jam'iyyar Djibo Bakary, wato Sawaba, wadda take reshen ƙungiyar 'yan gurguzun Afirka mai alaƙa da SFIO, ta samu rinjaye a kan jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama, Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati. Wannan shi ne karo na farko da 'yan ƙasa suka zama ministoci a Yamai, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a duba abin da aka saki da abin da aka riƙe. An raba ayyuka gida biyu. Tsaro, harkokin waje, takardar kuɗi, kwastan da ilimi mai zurfi sun zauna a hannun Faransa. Makarantun firamare, asibitoci, noma da ma'aikatan cikin gida sun koma hannun yankuna, tare da nauyin biyan albashinsu daga kasafin kuɗin yankin. Ministan ɗan ƙasa da jiya yake goyon bayan ƙungiyar ƙwadago tana neman albashi daidai da na Faransa, yau shi ne zai ce mata baitulmali ba zai ɗauka ba. Abu na biyu, wanda ya fi tayar da ƙura, shi ne an ba da ikon ga kowane yanki shi kaɗai, ba ga tarayyar Afirka ta Yamma mai yankuna 8 da hedikwata a Dakar ba. Léopold Sédar Senghor na Senegal ya soki wannan da cewa daddatsa Afirka ne. Houphouët-Boigny kuwa abin da yake so ke nan, domin ba ya son arzikin koko da kofi na ƙasarsa ya riƙa tafiya Dakar ana raba wa yankuna marasa ƙarfi. Nijar tana cikin waɗanda rabon tarayya yake amfana, ga ta ba ta da teku, don haka tana cikin waɗanda suka fi jin ciwon rushewar.

To shi ne ya raba mu? Hukuncina shi ne dokar ta shimfiɗa hanyar da aka bi zuwa ƙananan ƙasashen 1960, kuma Paris ta san cewa ƙananan ƙasashe sun fi sauƙin juyawa. Amma ba daidai ba ne a ɗora masa shi kaɗai, domin shugabannin Afirka kansu sun rabu a kan batun, kuma Tarayyar Mali, wadda Senegal da Sudan ta Faransa suka kafa da kansu, ta wargaje a watan Agusta 1960 ba tare da hannunsa ba. Haka kuma abin da ya faru da Sawaba a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, da faɗuwar gwamnatin Djibo, ya zo ne bayan Defferre ya bar ma'aikatar tun 1957. A nan iyakar abin da tarihi zai iya tabbatarwa take, domin ba wanda zai iya nuna cewa tarayyar za ta ɗore da an ba ta gwamnati, kuma akwai masana da suke ganin laifin dokar ya fi yadda na kwatanta. Ni dai ba zan kira shi masoyin Afirka a gaban ɗalibai ba. Zan ce ɗan siyasar Faransa ne da ya nemi maslahar ƙasarsa ta hanyar ƙuri'a maimakon bindiga, a lokacin da abokan aikinsa a gwamnati ɗaya suka zaɓi bindiga a Aljeriya, kuma wannan bambanci yana da nauyi ga mutanen da ba a kashe ba.

Dokar 1982

Da Mitterrand ya ci zaɓen shugaban ƙasa a watan Mayu 1981, Defferre ya karɓi ma'aikatar cikin gida, aka ƙara wa sunanta sauke iko ga ƙananan hukumomi. Yana da shekara 70, ya shafe kusan shekara 30 yana jiran sa hannun farfe, kuma ya san cewa idan bai yi sauri ba manyan ma'aikatan Paris za su lanƙwasa shirin. Saboda haka ya gabatar da dokar tun makonnin farko, aka sa mata hannu ran 2 ga Maris 1982. Daga ranar farfe ya daina tare shawarar majalisar gari kafin ta fara aiki, iyakarsa ya kai ta kotun harkokin mulki idan yana ganin ta saɓa wa doka. Ikon zartarwa na gunduma ya bar hannun farfe ya koma hannun zaɓaɓɓen shugaban majalisar gunduma, jihohi suka zama hukumomi masu cikakken matsayi waɗanda aka fara zaɓen majalisunsu kai tsaye a 1986, aka kuma kafa kotunan binciken kuɗi a kowace jiha. Dokokin 1983 suka raba ayyuka: ginin makarantun firamare na ƙaramar hukuma, na ƙananan sakandare na gunduma, na manyan sakandare na jiha.

Wannan doka ta shafe mu ta wata hanya, domin tsarin ƙananan hukumomin Nijar, da aka yi zaɓensu a 2004, ya ɗauki siffa da kalmomi da yawa daga tsarin Faransa. A aikina na koyar da dokokin mulki na zauna da kansiloli a tarukan horaswa, kuma ƙorafin da na fi ji iri ɗaya ne. Mutum zai buɗe kundin doka ya sa yatsa a kan sashen da ya ce gina azuzuwa aikinsa ne, sannan ya nuna maka takardar harajin kasuwa da na dabbobi da aka tara a shekara, wanda ba zai rufe aji biyu da kwano ba. An ba shi akuya, igiyar tana hannun wani. A Faransa ta 1982 an rubuta a doka cewa duk aikin da aka sauke sai an bi shi da kuɗinsa, kuma ko da yake magadan gari can ma suna kukan bai isa ba, akwai haraji na gaske a ƙarƙashinsu. A 1956 kuwa an sauke nauyi fiye da kuɗi. Idan ɗalibanka suka kwatanta dokokin biyu a kan wannan batu kaɗai, za su fahimci abu mai yawa.

Abin da Marseille ta samu da abin da ta biya

Ba a musun ayyukansa. A zamaninsa mutanen birnin sun ƙaru daga kimanin 660,000 a 1954 zuwa kimanin 900,000 a 1975, aka gina manyan asibitoci da dubban gidaje, aka haƙa hanyar mota a ƙarƙashin tsohuwar tashar ruwa a 1967, aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1977, aka yi amfani da ƙasar da aka haƙo wajen shimfiɗa wuraren shaƙatawa na Prado a bakin teku. Amma mulkin ya tsaya a kan alfarma. Aikin hukumar birni da gidan haya mai sauƙi suna bi ta hannun kansila da ƙungiyar ƙwadago ta Force Ouvrière, wadda ya fifita domin ya karya ta 'yan kwaminis. Jaridar da ya ƙwace a 1944 ta zauna a hannunsa, daga baya ma jaridar ɓangaren dama ta birnin, Le Méridional, ta shiga ƙarƙashin kamfaninsa. Manyan gidajen talakawa an cusa su a unguwannin arewa, inda har yau talauci ya fi yawa. A 1962, da Turawan Aljeriya suka kwararo ta tashar birnin, ya furta cewa su je su nemi wurin zama a wani waje, maganar da ba su yafe masa ba.

Abin da na fi ganin ya cuci birnin shi ne batun maƙwabta. A 1966 aka haɗa Lyon, Lille, Bordeaux da Strasbourg kowanne da garuruwan da ke kewaye da shi a hukuma guda, domin su haɗa haraji da ayyuka. Marseille ba ta shiga ba, kuma galibin masu nazari suna danganta haka da tsoron Defferre na cewa garuruwan kewaye da 'yan kwaminis suke mulki za su rinjaye shi. Sakamakon shi ne masana'antu da harajinsu suka tafi Fos da gefen tafkin Berre da ke wajen birnin, birnin ya zauna da talakawa da bashi, kuma sai a 2000 aka kafa irin wannan hukuma. A nan ma, kamar a 1956, ya fi son yankin da mutum ɗaya zai iya riƙewa a kan babbar tarayya. A zaɓen 1983, wanda ya shiga da ƙawancen 'yan kwaminis, aka yi aiki da sabuwar dokar zaɓen Paris, Lyon da Marseille da ma'aikatarsa ta tsara, wadda take ƙirga kujeru shiyya-shiyya, sai ya ci kujerar duk da cewa Gaudin ya fi shi yawan ƙuri'u a faɗin birnin. Doka ta halatta, amma ministan da ya yanka shiyyoyin shi ne ɗan takarar da ya amfana, kuma wannan ita ce illar tara muƙamai a fili.

Ya koma ma'aikatar tsare-tsare daga 1984 zuwa 1986. A farkon watan Mayu 1986 magoya bayan Michel Pezet, wanda shi ya rene shi a siyasa, suka kayar da ɓangarensa a taron reshen jam'iyya, ya koma gida cikin dare ya faɗi ya bugu a kai, ya mutu ran 7 ga wata. Robert Vigouroux ya gaje shi, Gaudin kuma ya karɓi birnin a 1995 ya riƙe har 2020. Hanyar da Defferre ya bi ta haɗa kujerar majalisa da ta magajin gari an rufe ta yanzu, domin dokar 14 ga Fabrairu 2014, wadda ta fara aiki a 2017, ta hana ɗan majalisar dokoki ko ta dattawa zama magajin gari, kuma har yau akwai 'yan siyasa a Faransa da suke neman a sassauta ta, suna cewa ta raba majalisa da sanin halin garuruwa.